Baba ya ɓace a hanyar masallaci: mu sayar da garka don awon jini a ƙasar waje?

Tambaya:

Assalamu alaikum. Ni mace ce mai shekara 43, ina zaune a Tawa. Babanmu yana da shekara 74, tsohon ɗan kasuwar albasa ne, mutumin da a da yake riƙe lissafin buhuna da bashin mutane a kansa ba tare da takarda ba. Kusan shekara biyu ke nan da ya fara mantuwa. Zai ci tuwo ya ce ba a ba shi ba. Yana ɓoye kuɗi ya manta inda ya sa, sai ya ce matarsa, abokiyar zaman marigayiya innarmu, ita ta ɗauke. Watan da ya wuce ya fita sallar magariba a masallacin unguwarmu, sai bayan isha'i wani yaro ya dawo da shi daga wata unguwa. Ƙannensa sun ce sammu ne, an yi rubutu an yi hayaƙi, babu sauyi. Yayana da ke Faransa ya ce yanzu akwai awon jini da ke nuna cutar Alzaima, mu sayar da garkar Baba a kai shi Tunisiya ko Maroko a yi masa, kuma mu ɗiyansa duka mu yi tunda ana gadonta. Ni ma kwanakin nan ina yawan mantuwa, tsoro ya hana ni barci. Mu sayar? Ni ma in yi awon?

Amsa:

Wa alaikumus salam, ƴar'uwa. Allah ya ba Baba sauƙi, ya saka miki da alheri, don wasiƙarki ta nuna ke ce kike tsaye a kansa dare da rana.

Kada ku sayar da garkar. Ke kuma kada ki yi awon. Amma ki sani yayanki ba ƙarya ya yi ba, awon da ya ji labarinsa akwai shi, kuma yana cikin manyan abubuwan da masu binciken ƙwaƙwalwa suka cim ma a ƴan shekarun nan. Matsalar ita ce tambaya ɗaya tak yake amsawa, kuma ba ita ce tambayar da ta fi gaggawa a kan Baba ba.

Abin da kika zayyana ya wuce mantuwar tsufa. Tsoho yakan manta sunan jika ya tuna can anjima, yakan nemi carbi yana riƙe da shi a hannu. Mutum ya manta cewa ya ci abinci gaba ɗaya, ya ɓace a hanyar da ƙafarsa ta san kowane rami nata, lissafin da ya yi suna da shi ya gagare shi, kuma abin yana ƙaruwa a hankali shekara biyu, wannan alamar ciwo ce a ƙwaƙwalwa. Likitoci suna kiran wannan hali gushewar tunani, kuma cututtuka da dama ne ke kawo shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 55 ke fama da shi, fiye da kashi 60 cikin ɗari suna ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita irin namu, kuma cutar Alzaima ce ke haddasa kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari. Saura kashi 30 zuwa 40 ɗin nan ki riƙe shi a ranki, zan dawo kansa, domin a cikinsa ne ake samun abin da ake iya yi wa magani.

Bari in yi miki bayanin abin da awon ke nema, don ki iya magana da yayanki ido da ido. A shekarar 1906 wani likita Bajamushe, Alois Alzheimer, ya duba ƙwaƙwalwar wata mata da ya yi jinya, Auguste Deter, bayan rasuwarta. An kawo ta asibiti a Farankfot tana da shekara 51, tana mantuwa, tana zargin mijinta da abin da bai yi ba. Ya ga abubuwa biyu da har yau su ne tambarin cutar. Na farko, wani sinadari da ake kira amiloyid ya taru ya dunƙule a tsakanin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa. Na biyu, wani sinadarin da ake kira tau ya murɗe ya cukurkuɗe a cikin ƙwayoyin kansu. Inda suka yi yawa ƙwayoyin suna mutuwa, kuma ɓarnar takan fara ne daga sashen da ke ajiye sabon labari. Shi ya sa Baba zai iya ba ki labarin tafiyarsa Abijan yana saurayi dalla-dalla, amma tuwon da ya ci ɗazu bai zauna ba. Bai yi ƙarya ba lokacin da ya ce ba a ba shi ba. A wurinsa abin bai faru ba.

Kusan shekara ɗari bayan haka, ba a iya tabbatar da cutar sai mutum ya mutu an duba ƙwaƙwalwarsa. Daga baya aka gano cewa waɗannan sinadarai suna barin shaida a jikin mai rai. An fara da ruwan da ke zagaye ƙwaƙwalwa da laka, wanda ake tsotsa da allura ta gadon baya: a mai Alzaima, amiloyid nau'in 42 yana raguwa a ruwan saboda ya maƙale a ƙwaƙwalwa, tau kuma yana ƙaruwa. Sannan a 2004 aka fara ganin amiloyid a hoton mai rai da na'urar da ake kira PET, wadda ke da tsada ƙwarai, kuma ƙasashe kaɗan ne a Afirka suke da ita. Hoton IRM, wato hoton cikin kai da wata na'ura mai maganaɗisu ke ɗauka, shi ba ya ganin amiloyid, amma yana nuna inda ƙwaƙwalwa ta tsuke da inda jijiyoyin jini suka toshe. Na ƙarshe shi ne jini. Abin da ke fitowa daga ƙwaƙwalwa zuwa jini ɗan mitsitsi ne, sai da aka ƙera na'urori masu tsananin ji kafin a iya auna shi. Wanda ya fi fice a yau ana kiransa p-tau217. A 2024 an wallafa wani bincike da aka yi a Suwidin kan mutane sama da 1,200 masu kukan mantuwa. Awon jinin ya dace da gaskiya a kusan kashi 91 cikin ɗari, likitocin ƙwaƙwalwa da ba su ga awon ba suka dace a kashi 73, likitocin yau da kullum kuma a kashi 61. A watan Mayun 2025 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da awon jini na farko irin wannan, mai suna Lumipulse. Wannan labarin ne ya kai kunnen yayanki, kuma duk wanda ke da tsoho a gida ya ji shi dole ransa ya motsa.

To ga inda gizo ke saƙa. Hukumar ta amince da awon ne ga ƴan shekara 55 zuwa sama waɗanda alamun ciwon suka riga suka bayyana a kansu, kuma a hannun likitan da ya riga ya duba su. Ba ta ce a yi wa masu lafiya ba. Dalili shi ne amiloyid yana fara taruwa shekara 15 zuwa 20 kafin mantuwa ta fito, kuma akwai tsofaffi da yawa da ke ɗauke da shi har su koma ga Allah hankalinsu garau. An auna mutanen da tunaninsu ke daidai, aka tarar kusan ɗaya cikin goma na ƴan shekara 50 suna da shi, a ƴan shekara 90 kuwa ya haura huɗu cikin goma. Hadari ne ya haɗu, ba lalle a yi ruwa ba. Haka kuma tsoho zai iya samun amiloyid a kansa alhali abin da ke rikita shi yau wani abu ne daban, kamar jini da ya kwanta a ƙarƙashin ƙoƙon kai. In aka ga awon ya nuna, aka ce shi ke nan Alzaima ce, aka daina bincike, an cuce shi.

Akwai kuma abin da ya shafe mu musamman. Ciwon ƙoda yana ɗaga waɗannan sinadarai a jini ko da ƙwaƙwalwa lafiya take, kuma tsofaffinmu masu hawan jini da ciwon sukari da yawa ƙodarsu ta taɓu ba su sani ba. Sannan ma'aunin da ake cewa daga nan zuwa sama akwai cuta, galibi a jikin Turawa aka tsara shi. Wannan ba ƙaramar magana ba ce. Tun 1992 aka fara wani dogon bincike da ya kwatanta tsofaffin Yarabawa a Ibadan da baƙaƙen fata na birnin Indiyanafolis a Amurka. Aka tarar Yarabawan suna kamuwa da gushewar tunani ƙasa da rabin yadda na Amurka ke kamuwa, kuma ƙwayar gadon nan APOE4, wadda ke ƙara haɗarin Alzaima sosai a Turawa, tasirinta a Ibadan bai kai haka ba. Abin da aka auna a Suwidin ba dole ne ya zauna daram a kan tsohon Adar ba, sai an gwada a cikinmu.

Yanzu ki ɗauka an sayar da garkar, an je, awon ya ce Alzaima ce. Me zai sauya? Akwai sababbin magunguna biyu da ke share amiloyid daga ƙwaƙwalwa, lekanemab da Amurka ta amince da shi a 2023 da donanemab a 2024. Ba sa warkarwa, ba sa dawo da abin da ya tafi. A gwajin lekanemab an ga ya rage saurin lalacewa da kashi 27 cikin ɗari a wata 18, kuma a masu ciwon da bai yi nisa ba kaɗai. Ana ɗura shi ta jijiya duk mako biyu, ana ta maimaita hoton IRM saboda yana iya kumbura ƙwaƙwalwa ko ya sa ta zubar da jini. Lokacin da ya fito a 2023, kuɗin maganin kaɗai a Amurka dala 26,500 ne a shekara, wajen miliyan 15 na sefa, ban da hotuna da asibiti da masauki. Garka ba ta biyan wannan. Tsofaffin magunguna kuwa, irin donefezil da memantin, waɗanda kan ɗan taimaka wa wasu na wani lokaci, likita yana iya rubuta su bisa abin da ya gani da idonsa ba tare da wancan awo ba. Ma'ana za ku dawo gida da takarda mai suna a kai, babu garka, Baba kuma ya fi rikicewa, domin mai irin wannan ciwo ba abin da ke birkita shi kamar filin jirgi da baƙon ɗaki da harshen da ba ya ji. Wannan jinya ce ta shekaru, wani lokaci takwas, wani lokaci fiye da goma. Abin da garkar ke kawowa duk shekara shi ne zai ciyar da shi da mai kula da shi. Ga shi kuma dukiyarsa ce, yana raye. Sayar da ita a kan shawarar ɗa ɗaya zai buɗe rigimar da za ta daɗe a gidanku.

Abin da nake so ki yi ya fi wannan sauƙi, kuma ya fi shi muhimmanci.

Ki samu ƙaramin littafi ki rubuta tarihin abin. Yaushe ya fara, a hankali ya zo ko rana ɗaya aka wayi gari da shi, yana gangarawa ne a jere ko yana tsayawa sannan ya faɗa mataki guda. Ya taɓa faɗuwa, ko babur ya taɓa kayar da shi, ko da wata uku ne baya kuma ko da bai ji ciwo ba. Bakinsa ya taɓa karkacewa ko hannu ya mutu na ɗan lokaci. Tafiyarsa ta sauya, yana jan ƙafa, fitsari yana kuɓuce masa. Hannunsa yana rawa in yana zaune. Yana ganin mutane ko dabbobin da ba kowa ke gani ba. Yana faɗa da duka cikin barci. Ki zauna da matarsa ku cika shi tare, don ita ce ta san darensa. Wallahi wannan littafi ya fi kowane awo amfani ga likitan da zai fara ganinsa, domin har a manyan asibitocin duniya da bakin wanda ke zaune da majinyaci ake fara gano wannan ciwo.

Sannan ki tattara duk maganin da yake sha, na farmasi da na masu talla a tire da na gargajiya, ki zuba a leda ki tafi da su. Magungunan barci irin diyazefam, da taramol, da wasu na mura da ƙaiƙayi, suna dagula tunanin tsoho sosai. Ana samun wanda aka ɗauka ya gama, da aka janye masa magani ɗaya a hankali sai ya farfaɗo.

Ku fara da babban asibitin jiha nan Tawa. A auna hawan jininsa da sukari, a duba ƙoda, a duba ƙarancin jini. A nemi awon sinadarin B12, musamman in yana shan metfomin na ciwon sukari shekara da shekaru, don yana rage shi, kuma rashinsa yana kawo mantuwa da mutuwar ƙafa. A nemi awon maƙoƙo, domin in halittar da ke wuya ta yi sanyin aiki mutum yakan zama kamar wanda tunaninsa ya gushe. Likita zai iya cewa a yi awon sida da na tunjere. Kada kowa ya ji haushi, dukansu suna taɓa ƙwaƙwalwa kuma dukansu suna da magani. A duba kunnensa da idonsa, tsohon da ba ya ji ana yawan ɗaukarsa mai mantuwa. A tambaye shi halin zuciyarsa. Kin ce innarku ta rasu. Baƙin ciki mai zurfi a tsoho yakan fito da kamannin mantuwa, kuma ana maganinsa. Abin da ba a samu a Tawa ba, a rubuta muku takarda zuwa Yamai.

Tafiyar Yamai ita ce tafiyar da nake goyon baya, ko da yake hanyar ta Konni da Dogon Dutsi da Doso ta haura kilomita 500 kuma za ta gajiyar da shi. Ku tafi da wanda ya saba da shi, ku nemi likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi a babban asibitin ƙasa ko babban asibitin Referans, a yi masa hoton kai, sikana ko IRM. Sikana ma ta isa ta nuna abubuwa uku da ba a so a rasa: jinin da ya kwanta a hankali bayan faɗuwa, wanda ake yi wa ƙaramin aiki a zuƙe mutum ya dawo hayyacinsa, ruwan da ya taru a cikin ƙwaƙwalwa, mai zuwa da jan ƙafa da kuɓucewar fitsari da mantuwa tare, da kuma ƙari. Hoton zai kuma nuna ko ƙananan jijiyoyin jini ne suka yi ta toshewa saboda hawan jinin da ba a kula da shi ba. Wannan nau'i shi ne na biyu a yawa bayan Alzaima, sau da yawa ma tare suke zuwa, kuma riƙe tansiyo da sukari yana rage masa gudu. Likitan zai yi wa Baba ƴan tambayoyi na gwajin tunani. Ki gaya masa tun farko in Baba bai yi lakkol ba, don wasu gwaje-gwajen an tsara su ne ga masu karatun boko, sai a ce wa mutum ya zana agogo ko ya rubuta jimla, ya faɗi ba don ciwo ba. Akwai waɗanda aka tsara don tsofaffin Afirka da ba su yi boko ba, kamar wanda ake kira IDEA da aka fara a Tanzaniya. Kuma a yi masa da Hausa.

Tambayar da na sa ki rubuta game da ganin mutanen da ba kowa ke gani ba tana da dalili. Akwai wata cutar, dangin Fakinsan, wato ciwon nan mai sa rawar hannu da taurin jiki, da wani sinadari daban mai suna alfa-sinukilin ke haddasawa. Mai ita yakan ga yara ko baƙi a ɗaki ƙuru-ƙuru, yau ya tashi garau gobe a rikice, jikinsa ya yi tauri. A garuruwanmu nan take ake cewa iskoki ne. Haɗarin shi ne in aka ba shi maganin kwantar da masu taɓin hankali irin halofaridol, yana iya sandarewa har ya kai ga halaka. Don haka ko Baba ya yi faɗa ya hana kowa barci, kada wani ya sayo masa maganin kwantarwa ba tare da likitan da ya san labarinsa ba. Ita ma wannan cuta an samo mata awo a ruwan laka, wanda wani babban bincike ya nuna ingancinsa a 2023, amma har yanzu yana hannun masu bincike da ƴan asibitoci kaɗan. Kin ga awon p-tau217 da yayanki ke magana ba zai ce komai a kanta ba.

In bayan duk wannan likitan ƙwaƙwalwa ya ce yana shakka, kuma sanin ko akwai amiloyid zai sauya maganin da zai bayar, to a lokacin ne awon ke da wuri. Shi zai faɗi yadda za a yi, kuma jini ko ruwan laka ana iya aika su wani wuri ba sai an ɗauki tsoho an sa a jirgi ba.

Na dawo kanki. Alzaimar da ake gado kai tsaye daga uba zuwa ɗa ba ta kai kashi ɗaya cikin ɗari na masu cutar ba, kuma tana da kamanni: tana kama mutane tun suna shekara 30, 40 ko 50, tana bin gida kaka da uba da ɗa. Baba ya fara nasa ne bayan ya haura 70. Samun mahaifi mai ita yana ɗan ƙara haɗari, amma yawancin ɗiyan irin waɗannan tsofaffi ba sa kamuwa. Mace mai shekara 43 da ke kwana da kunne ɗaya a buɗe kada tsoho ya fita, ga gida ga yara ga rigimar dangi, dole ta yi mantuwa. Rashin barci da damuwa sun isa. In kika yi awon nan, ba a tsara shi don shekarunki ba, ba wanda zai iya fassara miki sakamakonsa da gaskiya, kuma babu maganin da za a ba mai lafiya a kansa. Abin da ke hannunki ya fi shi ƙarfi. Wani kwamitin masana na mujallar likitanci ta Lancet ya lissafa a 2024 abubuwa 14 da ake iya gyarawa, waɗanda ke da hannu a kusan kashi 45 cikin ɗari na gushewar tunani a duniya. A cikinsu akwai hawan jini, ciwon sukari, ƙiba, kitse a jini, taba, rashin motsa jiki, raunin ji da na gani da ba a kula da su ba, bugun kai, kaɗaici da gurɓatacciyar iska. Shekarunki su ne daidai lokacin da riƙe hawan jini ke da amfani. Ranar da za ki kai Baba, ki miƙa naki hannun a auna. In mantuwarki ta kai ga kina ɓata a hanya ko aikin da kika iya yana gagarar ki, sai ki ga likita, shi ma da tambayoyi zai fara.

Akwai mutum ɗaya a wasiƙarki da ta tsaya mini a rai, matar Baba. Tana wanke shi, tana ciyar da shi, yana kiranta ɓarauniya, kuma in ana maganar sammu a gidan da ke da kishiya kowa ya san inda ido ke karkata. Zargin sata yana cikin alamun da aka fi sani a wannan ciwo: mutum ya ajiye abu, ajiyewar ta goge, sai hankalinsa ya nemo dalili, kuma wanda ya fi kusa shi ke shan zargin. Ke ɗiyar gida ce, bakinki yana da nauyin da nata ba shi da shi. Ki faɗa a gaban baffanninki cewa ciwo ne. Ba sai kin yi musu da su kan addu'a ba, a ci gaba da yi, Alƙur'ani da kansa a Suratun Nahli ya ambaci wanda ake mayarwa zuwa mafi ƙasƙancin rayuwa har ya zama bai san komai ba bayan ya sani. Amma hayaƙi a rufaffen ɗaki da jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba a dakatar da su, ƙirjin tsoho da ƙodarsa ba za su ɗauka ba. Kuma a ba matar nan hutu. Ku raba kwanaki, ko yini ɗaya a mako ta je gidansu ta yi barci.

In ya ce an sace kuɗinsa, kada a ce masa ƙarya yake. A ce bari mu nema tare, a bar masa ƴan canji a aljihu, manyan kuɗi da takardun garka a ajiye wurin wanda iyali suka yarda da shi, da shaidu. Tun yana da sauran ganewa, da safe lokacin da kansa ya fi washewa, a zauna da shi da liman a tambaye shi wa yake so ya riƙe masa al'amuransa, da bashin da yake bin mutane da wanda ake bin sa. In ya ce bai ci abinci ba, a ba shi ɗan kaɗan a ce ga shi kafin a gama. Kada a hana shi masallaci, a haɗa shi da jika ko maƙwabci su je su dawo tare, musamman magariba, don rikicewar takan ƙaru in rana ta faɗi. A ɗinka masa ƙaramin aljihu a riga da takarda mai sunansa da unguwa da lambar waya, a gaya wa liman da masu shaguna da ƴan kabu-kabun unguwa halin da ake ciki. Ɓoyewa don kunya ita ce ke sa tsoho ya kwana a waje. A rufe rijiya, a ɗauke makullin babur. Lokacin zafin Afrilu da Mayu a riƙa miƙa masa ruwa ba sai ya nema ba, don yana iya manta ƙishirwa. In ya yi raka'a biyar ko ya maimaita la'asar, a bar shi. Malamai sun yi bayani cewa an ɗauke alƙalami daga wanda hankalinsa ya gushe, kuma ku tambaye su hukuncin azuminsa kafin watan ya kama. Duk ranar da kuka ga ya rikice fiye da kullum cikin kwana ɗaya ko biyu, yana ta barci ko yana sambatu, kada ku ce ciwon ne ya ƙaru. Ku kai shi asibiti a ranar, sau da yawa zazzaɓin cizon sauro ne, ko ciwon mafitsara, ko rashin ruwa a jiki.

Yayanki kuma kada ki yi faɗa da shi. Wanda ke nesa yana jin zafin rashin kasancewarsa, sai ya nemi babban abu guda da zai yi ya huce. Ki ba shi aikin da ya fi wannan: ya ɗauki kuɗin mota da masauki da hoton kai a Yamai, ya riƙa aiko da na magani duk wata, ya biya wani saurayi amintacce da zai riƙa raka Baba, ya kuma riƙa kiransa ta bidiyo a lokaci ɗaya kowane mako don fuskarsa ta daɗe a idon tsohon. Ki aika masa hoton shafukan littafin da kuka rubuta, da sakamakon duk awon da aka yi, in yana so ya nuna wa likita a can ya ji ta bakinsa. In zai iya zuwa, ya zo bana, tun Baba yana kiransa da sunansa.